Ziyarar kufan Fort Mose a Florida: ko ta cancanci in ba ta yini guda daga cikin tafiyata?

Malam Garba, Ƙofar Na'isa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida jama'ar wannan zaure baki ɗaya. Ni tsohon malamin sakandare ne, na shafe shekara 31 ina koyar da tarihi a nan Kano kafin na ajiye alli. Idan Allah ya kai mu watan Mayu, ni da uwargidana za mu je jihar Florida ta Amurka domin halartar bikin kammala karatun 'yarmu ta biyu, kuma a gidanta za mu sauka, a birnin Jacksonville inda take zaune da mijinta. Kwana 12 kacal za mu yi, an kuma riga an kasafta su tsakanin biki da gaishe-gaishe da ganin likita, sai yini ɗaya tak da aka ce nawa ne, in yi yadda na ga dama da shi.

Surukina yana so ya kai mu Orlando wuraren wasannin nan da ake ta ba da labari, ni kuwa a shekaruna ban ga abin da lilo zai ƙara mini ba. Hankalina ya fi karkata ga wani wuri mai suna Fort Mose, kusa da garin St. Augustine, wanda na karanta cewa shi ne gari na farko na baƙaƙen fata 'yantattu a Amurka, an kuma kafa shi tun 1738. Abin ya ɗaure mini kai, domin abin da na daɗe ina gaya wa ɗalibai shi ne bayin Amurka arewa suke gudu, wasu har Kanada, kuma ba a haramta bauta a ƙasar baki ɗaya ba sai 1865. To yaya aka yi garin 'yantattu ya tsaya a can ƙuryar kudu shekara 127 kafin wannan lokaci?

Abin da ya sa nake neman shawara shi ne, da na gaya wa 'yata niyyata, sai ta ce wata ƙawarta ta taɓa zuwa, ta kuma ce mata babu komai a wurin sai ciyawa da sauro. Ba na so in ja iyali tafiyar banza, balle uwargida tana fama da ciwon gwiwa. Saboda haka ina roƙon wanda ya taɓa taka wurin ya gaya mini abin da ido yake gani a can, wanda kuma ya san tarihin ya warware mini ko maganar nan ta "na farko" gaskiya ce ko kuwa kirari ne irin na masu neman 'yan yawon buɗe ido. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Hajiya Rabi, Tarauni

Wa alaikumus salam, Baba Malam. Allah ya sanya albarka a karatun ƙanwata, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Na yi aikin jinya shekara 6 a Jacksonville kafin na dawo gida, sau biyu kuma na je Fort Mose, don haka zan faɗi abin da na gani, in bar wa malamai fanninsu. Da farko dai, sunan wurin yadda Bahaushe zai karanta shi haka ake furta shi, Mo-se, da wasalin ƙarshe a fili. Amurkawan da ba su san wurin ba su ne suke haɗiye shi.

Ƙawar 'yarka ba ƙarya ta yi ba, amma rabin magana ta faɗa. Ni ma zuwana na farko ban ji daɗi ba. Mun fito ne daga tsakiyar St. Augustine, inda muka gama kallon katafariyar ganuwar nan ta Castillo de San Marcos wadda Sifaniyawa suka gina da dutse tsakanin 1672 da 1695, muka yi arewa kamar kilomita 3, muka kutsa ta wata unguwa mai shiru, sai ga mu a wani fili mai itatuwa da ɗan ƙaramin gini. Na sa rai zan tarar da bango ko da rusasshe ne, irin ragowar badala da mutum yake gani idan ya bi ta wajen Goron Dutse. Ban tarar ba. Kufan garin yana cikin wata fadama ta ruwan gishiri wadda teku yake cikawa ya janye. An shimfiɗa doguwar gadar katako a kan fadamar, mutum ya bi ta har ƙarshenta, sai a nuna masa wani ɗan tsibiri mai itatuwa daga nesa a ce masa can ne garin ya tsaya a zamansa na biyu, domin sau biyu aka gina shi. Ba a taka shi da ƙafa.

Akwai dalilin da ya sa haka. Garin da ƙasa da itace aka gina shi, ɗakunan kuma jinka ce ta ganyen wani irin kaba, kuma kowa ya san abin da damina take yi wa ginin ƙasa idan babu mai yaɓe. Bayan haka, wurin da yake fadama a yau gonaki ne a zamanin mutanen, sai ruwan teku ya yi ta hawa sannu a hankali, aka kuma kwashi ƙasa mai yawa daga wajen a ƙarshen ƙarni na 19 domin cike kwari a cikin gari, lokacin da attajirin nan Henry Flagler yake gina manyan otal-otal ɗinsa. Wurin ya ɓace wa yawancin mutane har zuwa shekarun 1980, lokacin da Kathleen Deagan ta jagoranci tonon kufan, Jane Landers kuma ta bi tsofaffin takardun mulkin Sifaniya a birnin Seville ta zaƙulo sunayen mutanen da labarinsu. A 1994 ne gwamnatin Amurka ta sa shi cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa.

Zuwana na biyu shi ne ya canza mini ra'ayi. A watan Fabrairu muka je, lokacin da suke wani shiri na shekara-shekara inda masu sa kai suke shiga irin ta mutanen da, su tsaitsaya a kan wata siririyar hanya a cikin daji. Baƙo yana tafe yana cin karo da su ɗaya bayan ɗaya, wannan bawa ne da ya tsere, wancan ɗan asalin ƙasar ne da yake nuna hanya, can gaba ga limamin coci, ga shugaban dakaru, kowa yana ba da labarinsa da bakinsa. A ranar ne na shiga ɗan gidan tarihin na tsaya na karanta da natsuwa, na kalli irin abubuwan da aka tono: ƙanƙarar bindiga, harsashin dalma, maɓallai, duwatsun wuya, guntayen tukwane da na lofe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin wata 'yar lambar azurfa ta wuya da aka ƙera da hannu, gefe ɗaya ɗauke da siffar wani waliyyin Kiristoci mai tsallakar da matafiya ruwa, ɗaya gefen kuma zane mai kama da na'urar da matuƙan jirgin ruwa suke gane alƙibla da ita. Mutanen da suka zo ta ruwa da fadama, ba abin mamaki ba ne wannan ya zama abin da ɗayansu ya rataya. Da na sake komawa kan gadar bayan na karanta, ciyawar ba ta canza ba, amma sai na riƙa tunanin yadda mace mai goyo za ta ratsa irin wannan laka da dare.

Bayan na dawo Kano an gina kwaikwayon ganuwar farko ta 1738 a cikin filin, aka buɗe ta a 2025, saboda haka kai za ka tarar da abin shiga da taɓawa wanda ni ban samu ba. Gwiwar Mama kuwa ba za ta zama matsala ba, domin wurin shimfiɗaɗɗe ne, gadar ba ta da matakala mai wahala, akwai kuma wuraren zama a inuwa.

Dr. Nasiru, Rijiyar Zaki

Malam, barka da hutawa. Ni ma tarihi nake koyarwa, kuma tambayarka ta farko ita ce ta fi jan hankalina, wato dalilin da ya sa gudun ya zama na kudu.

A wancan zamani babu ƙasar da ake kira Amurka. Karolina, wadda take arewa da Florida, ta Ingila ce, an kafa ta a 1670, arzikinta kuma ya koma kan shinkafa da bayin Afirka suke nomawa. Florida kuwa ta Sifaniya ce tun da aka kafa St. Augustine a 1565, ƙasashen biyu kuma ba sa ga maciji da juna, ga rikicin iyaka ga bambancin ɗariƙa. Arewa a lokacin ba mafaka ba ce, domin can ma Ingila ce take mulki kuma akwai bayi. A 1687 wasu mutane suka iso St. Augustine cikin kwalekwale daga Karolina, maza 8, mata 2 da jariri, gwamnan garin kuma ya ƙi mayar da su ga iyayengijinsu. A 1693 Sarki Charles na Biyu na Sifaniya ya fitar da doka cewa bawan da ya tsere daga hannun Ingilishi ya karɓi Katolika ya zama ɗa. Labarin ya bazu a gonakin shinkafa, mutane suka riƙa sulalewa, suna yin tafiyar da ta kai nisan Kano zuwa Abuja ta cikin fadamu da koguna, wasu da taimakon 'yan asalin ƙasar irin su ƙabilar Yamasi. Da suka yi yawa, sai gwamna Manuel de Montiano ya ba su wurin zama na kansu a 1738, da suna Gracia Real de Santa Teresa de Mose. Mutanen farko sun kai kimanin 100.

Game da kalmar "na farko", sai an yi mata linzami. Abin da yake daidai shi ne, Mose ne garin baƙaƙen fata 'yantattu na farko da hukuma ta amince da shi a cikin iyakar ƙasar da yau ake kira Amurka. Idan aka ce nahiyar baki ɗaya, to an riga shi da nisa. A Meziko mutanen Yanga, wani jagoran bayin da suka tsere, sun tilasta wa Sifaniya ta amince da garinsu tun a rabin farko na ƙarni na 17, a Kolambiya akwai San Basilio de Palenque wanda har yau yana nan da mutanensa da harshensu, a Brazil kuwa Palmares, matattarar bayin da suka tsere, ta shafe mafi yawan ƙarni na 17 tana tsaye kafin a rushe ta a 1694.

Amma abin da nake so ka tafi da shi a zuci, Malam, shi ne kada a ɗauki Sifaniya a matsayin mai ƙin bauta. A daidai lokacin da ake 'yanta masu gudowa daga Karolina, akwai bayi a cikin St. Augustine suna yi wa Sifaniyawa aiki, dokar kuma ba ta shafe su ba. 'Yancin Mose da sharaɗi ya zo: a yi baftisma, a yi mubaya'a ga sarkin Sifaniya, maza kuma su ɗauki bindiga. Wurin da aka ajiye garin ma ya isa bayani, arewa da St. Augustine, a kan hanyar da duk rundunar Ingila za ta biyo. Gwamnan ya san babu sojan da zai yi yaƙi kamar mutumin da ya tabbata idan aka ci shi sarƙa zai koma. Ya raunana tattalin arzikin abokin gaba, ya kuma sami garkuwa a ƙofar gidansa. Mutanen Mose sun san da haka sarai, sun auna, suka ga cinikin ya fi abin da suka baro, ni kuma ban ga wanda yake zaune cikin kwanciyar hankali da zai ce sun yi kuskure ba.

Rayuwar shugabansu kaɗai ta isa darasin zango guda. Sunan da aka yi masa baftisma da shi Francisco Menéndez, Bamandinke ne daga Afirka ta Yamma. Ya yi bauta a Karolina, ya yi yaƙi tare da Yamasi a kan Ingilishi a yaƙin da ya ɓarke a 1715, ya iso Florida, amma duk da dokar sarki sai aka sake mayar da shi bawa a can, ya yi shekaru yana shugabancin dakarun baƙaƙe alhali shi kansa mallakin wani ne, yana ta kai ƙara har aka 'yanta shi a 1738. Ya iya rubutu, akwai wasiƙun da ya aika wa sarkin Sifaniya da sa hannunsa. Na ga wasu 'yan uwa a intanet suna gaggawar kiran sa Musulmi saboda asalinsa na Mandinka. Takardun da ake da su dai a matsayin ɗan Katolika suka rubuta shi, kuma a nan ya kamata malami ya tsaya.

A watan Satumba na 1739 bayi suka yi bore a bakin kogin Stono a Karolina, suka kashe Turawa fiye da 20, suka kama hanyar kudu kafin a tare su. A 1740 James Oglethorpe, wanda ya kafa Jojiya, ya kawo yaƙi St. Augustine. Aka kwashe mutanen Mose zuwa cikin gari, sojojinsa suka shiga ganuwar suka zauna. A watan Yuni, kafin ketowar alfijir, sojojin Sifaniya da dakarun Menéndez da 'yan asalin ƙasar suka auka musu, suka kashe gommai har da kwamandansu John Palmer, kuma wannan kashin yana cikin abin da ya karya ƙawanyar. Ganuwar ta lalace a yaƙin, mutanen suka zauna cikin St. Augustine shekara 12 suna sana'o'insu. Menéndez ya shiga jirgin ruwan yaƙi, Ingilishi suka kama shi a 1741, suka yi masa bulala 200, aka sayar da shi a tsibiran Bahamas, amma ya san yadda ya yi ya dawo. Da wani sabon gwamna ya sake gina Mose a 1752, mutanen ba su so komawa bakin daga ba, domin sun saba da zaman gari, sai da aka hukunta wasu daga cikin jagororinsu kafin suka koma. Ƙidayar 1759 ta sami mutum 67 a gida 22.

Ƙarshen garin a teburin sulhu aka yanke shi, a wata nahiya. Yarjejeniyar Paris ta 1763 ta miƙa Florida ga Ingila, mutanen Mose kuma ba su tsaya jiran ganin abin da zai biyo baya ba, suka bi Sifaniyawa zuwa Kyuba. An ba su fili a yankin Matanzas da kayan noma da ɗan kuɗi, har da bawa guda ga kowane magidanci, abin da duk lokacin da na faɗa a aji sai ɗalibai su yi tsit. Zaman bai yi daɗi ba, da yawansu suka koma Havana. Daga 1738 zuwa 1763 shekara 25 ke nan, 12 daga ciki ma garin babu kowa.

Abdulhadi, Kurna

Baba, ina neman afuwa idan na yi karambani a gaban manya. Ban taɓa zuwa Amurka ba, amma da na karanta bayanin Dr. Nasiru cewa an ajiye garin arewa da birni ne domin ya zama garkuwa, sai Fanisau ta faɗo mini a rai, domin kakata ta wajen uwa daga can take. Ita ma arewa da Kano take, Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya mayar da ita ribaɗi, wato sansanin tsaro, saboda yaƙin Ɗan Tunku, gandayen da suke kewaye da ita kuma bayi ne suka noma su. Daga inda nake zaune ko rabin awa ba a yi an isa.

Abin da yake damuna shi ne, su can ba su da komai sai fadama, amma sun yi gada, sun yi gidan tarihi, sun bi takardu har Sifaniya sun nemo sunayen mutum 67. Mu nan gine-ginen suna tsaye, jikokin suna raye, kalmomin ma suna bakinmu, rinji da gandu da murgu da fansa da bacucane, amma mutum zai shiga Kasuwar Kurmi ya fita bai ga ko ɗan allo da yake nuna cewa an taɓa sayar da mutane a cikinta ba. A makaranta an koya mana cinikin bayi na tekun Atlantika dalla-dalla, amma sai da na girma na ji cewa a Arewacin Nijeriya ba a soke bauta kwata-kwata a doka ba sai 1936, lokacin da kakannin wasunmu sun riga sun yi wayo. Ba cewa nake kada ka je ba, Baba. Cewa nake idan da hali ka fara da na gida, domin ka sami abin gwadawa.

Dr. Nasiru, Rijiyar Zaki

Malam Abdulhadi, kamancen da ka hango na wurin zama gaskiya ne, amma a kula da inda ya tsaya. Mutanen Mose 'ya'ya ne a doka, suna da filayensu da shugabansu da bindigoginsu, waɗanda suka noma gandayen Fanisau kuwa mallakin wasu ne. Bautar ƙasar Hausa ita ma tana da ƙofofinta na fita, kamar murgu, inda bawa yake neman na kansa yana biyan ubangijinsa wani abu a kai a kai, da fansar kai, da 'yantawa don kaffara ko neman lada, ba a kuma gina ta a kan launin fata yadda ta Karolina ta ginu ba. Wannan bai mayar da ita abu mai sauƙi ga wanda aka kamo daga garinsu ba.

Maganar allo kuwa tana da nauyin da ba ta da shi a Florida. Mutanen Mose sun tafi Kyuba tun 1763, saboda haka babu wanda za a nuna da yatsa a St. Augustine a ce ga jikan wane. A Kano kuwa asali magana ce da har yau take iya tasowa wajen neman aure ko rikicin sarauta, duk wanda zai rubuta sunaye a jikin bango sai ya fara zama da iyalan da abin ya shafa. Ana iya yi, an kuma yi bincike mai kyau a kan Fanisau ta hanyar hira da dattawan garin, amma aiki ne na lallami.

Malam Garba, Ƙofar Na'isa

Na gode muku duka, Allah ya ƙara sani. Hajiya Rabi, da ba ki gaya mini cewa daga nesa ake hango kufan ba, da na je ina neman bango ina jin an yaudare ni. Dr. Nasiru, ka gyara mini kuskuren da na yi shekaru ina maimaitawa a gaban allo, kuma zan so a ce a lokacin na san labarin Menéndez, domin yara sun fi riƙe tarihi idan akwai mutum ɗaya da za su bi daga farko zuwa ƙarshe.

Kai kuwa Abdulhadi, ɗana, ba karambani ka yi ba. A shekara 31 na kai ɗalibai Gidan Makama da Dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata sau ba adadi, amma ko sau ɗaya ban kai su Fanisau ba, kuma ba zan ce don ban san da ita ba ne. Akwai abin da malami yake kaucewa saboda bai san ɗan wa yake zaune a layin baya ba. Asabar mai zuwa zan sa jikana ya kai ni, idan kuma kana da dattijon da za ka haɗa ni da shi a can, zan yi murna.

Na gaya wa surukina ya kai yara Orlando wata rana, ni dai St. Augustine za ni. Saura tambaya ɗaya ga Hajiya: da wanne ya kamata mu fara, ganuwar dutse ta cikin gari ko Mose, kuma yini ɗaya zai ishe mu duka biyun?

Hajiya Rabi, Tarauni

Zai ishe ku har da saura, Baba Malam. Daga Jacksonville zuwa St. Augustine kamar kilomita 65 ne, ƙasa da awa ɗaya a mota, kuma tun da daga arewa za ku taho, Mose za ku fara tararwa kafin gari. Da shi za ku fara. Kuskuren da na yi a zuwana na farko shi ne na fara da ganuwar dutse, idona ya cika da manyan bango da igwa, sai fadamar ta zama ba komai a wurina. Ban da haka, watan Mayu a Florida akwai zafi mai gumi, ba irin busasshen zafinmu na bazara ba, saboda haka gara a gama da fili da safe. Sauron da aka gaya wa 'yarka gaskiya ne, a tafi da maganin shafawa da riga mai dogon hannu, a kuma sa ta duba ranakun da gidan tarihin yake buɗewa kafin ku tashi, domin idan kuka tarar da shi a rufe kun rasa rabin ziyarar. Awa biyu ta isa a ga komai ba tare da gaggawa ba. Idan surukinka yana da madubin hangen nesa ya ɗauko, zai taimaka wajen ganin tsibirin, ga kuma manyan tsuntsayen ruwa masu kama da zalɓe da shamuwa da suke sheƙa a itatuwan wajen.

Daga nan sai ku shiga gari ku ga Castillo, wadda wasu daga cikin masu gudowar farko suka yi aikin gininta, kuma a nan ne Mama za ta iya zama a ƙasa idan hawa saman bango ya yi mata wuya. Idan da sauran ƙarfi, ku ratsa unguwar Lincolnville, wadda bayin da aka 'yanta suka kafa a 1866, a garin da aka kama Martin Luther King a 1964. Abinci ba zai ba ku wahala ba tun da garin bakin teku ne, kifi ya wadata. Ku tafi da darduma a mota, akwai wuraren da babu hayaniya a filin Mose idan azahar ta riske ku a can, kuma ku cika gorar ruwa tun daga gida.